Alhaji Umaru Salaga: Ɗan Fatake Da Ya Zama Malamin Zanguna

A filinmu na tarihin magabata, yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah da ya tashi a cikin ayarin goro, ya san ciniki ciki da bai, amma ya bar duniya ana kiransa babban malamin ƙasar Gwanja da kewaye. Wannan kuwa shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda wasu ke kira Umaru Salaga, wasu kuma Imam Umaru na Kete-Krachi. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne wata muhawara da ba ta ƙarewa a rumfunan kasuwanninmu, tun daga Aflao har Paga da Bawku da Sinkasi: idan yaro ya fara wayo, a bar shi ya ci gaba da karatu ne, ko a jawo shi shago ya koyi neman na kansa? Rayuwar wannan malami tana da abin cewa a kan haka.

An haifi Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu mutanen Kabi ne, shi ya sa a littattafansa ake samun sunansa da laƙabi uku a jere, wato Bakabe, Bakano, kuma mutumin Salaga. Mahaifinsa Abubakar falke ne da ke bin hanyar Gwanja. A Kano yaron ya yi karatun allo har ya sauke Alƙur'ani, daga nan ya shiga neman ilimi mai zurfi a wajen malaman ƙasar Sakkwato da ta Kabi. Karatun wancan zamani na zaure ne, ɗalibi ya zauna gaban malami da littafinsa, a biya masa, a fassara masa da Hausa, sai ya ƙare wannan littafi sannan ya ɗauki na gaba, daga fiƙihu zuwa nahawu da lugga da tafsiri.

Abin lura a nan shi ne, karatun bai hana shi bin mahaifinsa fatauci ba, fataucin kuma bai raba shi da littafi ba. Hanyar Gwanja doguwa ce, ana shafe watanni a kanta. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin tufafi na rini da fatu da busasshiyar albasa, a ƙetare kogin Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yendi har a sauka Salaga, sannan a juyo da goro. Kowane ayari da madugunsa, kuma akan tafi da malami wanda zai riƙa jan salla, ya yi rubutu, ya riƙe lissafi. A kowane zango da aka yada akwai masallaci da malamin gari. Saurayi mai son karatu irin Umaru, tafiyar kanta makaranta ce gare shi, domin ya ga garuruwa da al'adu da harsuna da yanayin mulki iri-iri, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya.

Littafinsa na farko

A shekarar 1877, lokacin bai wuce shekara 20 da haihuwa ba, Umaru ya wallafa littafinsa na farko da Larabci mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Littafin na koyar da rubuta wasiƙa ne, inda ya tsara ƙa'idoji da misalai na yadda ake buɗe takarda, da yadda ake gaida wanda aka rubuta wa gwargwadon matsayinsa, da yadda ake shigar da buƙata. Malaman fada da almajirai sun yi ta kwafarsa da hannu, daga baya har aka buga shi a Alkahira.

Ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya yi tunani a nan. Matashin da ya karanci manyan littattafai, da ya tashi yin nasa sai ya fara da abin da jama'a ke buƙata yau da gobe. Ya ga da idonsa cewa falken da ke Salaga, iyalinsa na Kano, abokin cinikinsa na wani gari mai nisan tafiyar wata biyu, ba shi da abin dogaro sai takarda. Saƙon baki yana canzawa a hanya, mai kai shi yana iya mantuwa ko ya rasu, amma abin da aka rubuta yana nan yadda yake. Addini ma ya riga ya nuna haka, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Zaman Salaga da watsewarta

Umaru ya zauna a Salaga ya buɗe makaranta. Garin a lokacin ya yi suna da yawan rijiyoyi da girman kasuwa, inda goron ƙasar Ashanti, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, ke haɗuwa da kayan arewa. Ba kuma za a ɓoye ba cewa Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan zamani, abin da ya bar tabo a tarihin garin. Sai dai kasuwar ta fara ja da baya tun 1874, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi. Mutanen Gwanja suka fita daga ikon Tonawa, su kuma Tonawa suka toshe wa Salaga hanyar goro, ciniki ya fara komawa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi.

A Salaga ne ya haɗu da wani Bajamushe matafiyi mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari suka sa wa suna Malam Musa. Wannan Bature mai sha'awar harsuna ne, Umaru kuwa ya rubuta masa labarai da tarihi da Hausar ajami, waɗanda aka tafi da su Jamus aka adana.

A 1892 rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, wato garin sarakunan da ke mulkin Salaga. Yaƙin ya watsa garin, fatake da malamai suka fantsama, kowa ya kama gabansa. Mai rumbu ya bar rumbunsa, mai gida ya bar gidansa. Umaru ya rubuta waƙa da Larabci kan wannan musiba, inda ya bayyana yadda abin ya faru da lalacewar halayen da ya gani a garin. Shi ma ya fita, amma jarinsa na cikin kansa da cikin gafakarsa, don haka duk inda ya sauka ɗalibai suka kewaye shi. Wannan darasi ne da ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa fahimta, domin ya san yadda rufe iyaka ko gobarar dare ɗaya ko faɗuwar darajar kuɗi ke cinye wahalar shekara goma.

Limancin Kete-Krachi

Wajen 1896 ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta, garin da a lokacin yake hannun Jamusawa masu mulkin Togo. Kete shi ne zangon baƙi, kuma ya cika da fataken da suka baro Salaga. Aka sami saɓani kan wanda zai zama limami, sai jami'in Jamus da ke riƙe da garin ya sa a gwada masu neman kujerar ta hanyar karanta babban ƙamus na Larabci. Umaru ya karanta ba gargada, aka ba shi limanci. Daga nan ya zauna yana jan salla, yana karantarwa, yana sasanta jama'a, ɗalibai na zuwa masa daga garuruwa masu nisa.

A nan ne kuma ya yi hulɗa da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya zama ɗalibinsa a fannin Hausa. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Bisa roƙonsa, Malam Umaru ya rubuta shafuka masu yawa da ajami kan tarihin ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, da noma da kiwo da rini da saƙa da kasuwanni, da aure da tarbiyyar yara da yadda ake karatu. Abin da ya gani tun yana yaro a bayan jakunan mahaifinsa, shi ne ya zama littafi. Masana har yau suna dogara da waɗannan rubuce-rubuce idan suna son sanin yadda talakan ƙasar Hausa ya rayu a ƙarni na 19. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Ferguson ya fassara su zuwa Ingilishi a 1973, sannan wani masani ɗan ƙasar Polan, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wani sashe nasu a shekarar 2000.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zama da Turawa ya rufe masa baki. A daidai waɗannan shekaru ya rubuta waƙoƙi da Larabci, sannan a 1903 ya yi Waƙar Nasara da Hausa, inda ya jero garuruwa da sarakunan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna yadda suka fara shigowa da sunan ciniki kafin su karɓe mulki. Ya koyar da su harshensa, ya lura da tsarinsu, amma bai sayar da ra'ayinsa ba.

Karantarwa da harshen jama'a

Malam Umaru gwani ne a Larabci, har ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa, aikin da sai wanda ya nutse a harsunan biyu zai iya. Duk da haka, idan yana son saƙo ya kai ga mai ɗaukar kaya da mai awo da matan gida, da Hausa yake yi. Waƙarsa ta Talauci da Wadata ta zana yadda ake wulaƙanta marar abin hannu ko da gaskiya ya faɗa, ake kuma girmama mai dukiya ko da bai cancanta ba. Bayan ya tafi aikin hajji a 1913 ya dawo, annobar mura ta 1918 ta auka wa duniya, ita ma ya yi mata waƙa mai suna Tunkuyau, inda ya bayyana alamomin cutar da yadda take kayar da mutum. Ke nan a wajensa tattalin arziki da lafiya da siyasa duk suna cikin abin da malami zai karantar.

Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, lokacin garin ya riga ya koma hannun Ingila tun bayan yaƙin duniya na farko. Ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa suka bazu a zangunan ƙasar, suka buɗe makarantu. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana tattara tsofaffin rubuce-rubuce, aka kuma sami waƙoƙinsa da dama a hannun mutane a garuruwa daban-daban. A cikin waɗannan shekaru ne ruwan tafkin Volta ya mamaye tsohon garin Kete-Krachi sakamakon gina madatsar Akosombo, aka tayar da mutane zuwa sabon wuri. Kasuwar da ya sani ta tafi, rubutunsa yana nan.

Abin da ya rage gare mu

Yau ɗan kasuwar kan iyaka ya fi falken zamanin Umaru buƙatar karatu. Takardar kwastan a wannan gefe da Ingilishi take, a wancan gefe da Faransanci. Kuɗi na shigowa ta waya, saƙon banki rubutu ne, canji tsakanin sidi da sefa da naira lissafi ne. Wanda bai iya karanta rasit ba, dole ya miƙa wuyansa ga ɗan tsakani, ya sa hannu a abin da bai sani ba. Da yawa sun dogara da saƙon murya na WhatsApp, amma ranar da gardamar bashi ta tashi, ko mai dukiya ya rasu aka zo rabon gado, sai a nemi littafin shago a rasa, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da layi biyu na rubutu zai warware.

Uzurin da iyayenmu suka riƙa bayarwa a da, cewa boko zai raba yaro da addininsa, ya ragu sosai. A Gana tun 1987 aka kafa sashen kula da makarantun Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, inda ake haɗa Larabci da addini da darussan zamani, kuma a 2017 gwamnati ta fara shirin karatun babbar sakandare kyauta. A Nijar ma makarantar Faransanci da Larabci ta farko ta buɗe a garin Sayi tun 1957. Wannan ba ya nufin komai ya gyaru, domin akwai ƙarancin malamai da cunkoson aji, akwai kuma yaran da ke shekara da shekaru a makaranta ba su iya karanta jimla ɗaya ba. Maganin haka shi ne uba ya riƙa leƙawa, ya sa yaro ya karanta masa takardar kaya da yamma, ya halarci taron iyaye, 'yan kasuwa kuma su haɗa hannu su tallafa wa malaman unguwarsu kamar yadda fatake suka riƙe malaman zango a da.

Babu laifi yaro ya zauna a shago ranar da babu makaranta, ya koyi awo da iya magana da mai saye, Umaru ma haka ya tashi. Laifin shi ne a rufe masa littafi saboda ribar yau, ko a ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin da 'yan uwanta ke aji. Abubakar falke ne mai buƙatar hannu a ayarinsa kamar kowa, amma ya bar ɗansa ya je Sakkwato da Kabi neman ilimi. Madugai nawa ne suka fi shi jakuna da goro a hanyar Gwanja? Sunansa ya kawo yau ne domin ɗansa ya rubuta shi a littafi.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da rahama, ya kyauta makwancinsa, ya sa albarka a kasuwancinmu da karatun 'ya'yanmu, amin.