Andrew Foster, Kurman Da Ya Buɗe Wa Kurame Makaranta

Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun san sanƙarau. Ya kan zo da zafin bazara, yaron da ya tsira kuwa sau da yawa ya kan tashi ba ya ji. Ciwon nan ne ya kama Andrew Foster yana da shekara 11, ya toshe masa kunnuwa har ƙarshen ransa.

An haife shi a 1925 a jihar Alabama ta Amurka. Baƙin mutum ne, a zamanin nan kuwa ba a haɗa 'ya'yan baƙaƙe da na Turawa a aji ɗaya a jiharsu. Makarantar kurame baƙaƙe da aka kai shi ba ta wuce ilimin firamare ba. Da ya yi shekara 17 sai ya koma birnin Detroit, yana aiki da rana, yana karatu da dare. Ya nemi shiga Gallaudet, wato babbar kwalejin kurame ta Washington, aka hana shi saboda launin fatarsa. Bai fasa nema ba sai da aka karɓe shi. A 1954 ya zama baƙin kurma na fari da ya sami digiri a wurin.

Zuciyarsa tana kan Afirka, amma ƙungiyoyin mishan ba su yarda su aike shi ba. Saboda haka a 1956 ya kafa tasa ƙungiya, a 1957 kuma ya sauka Ankara ta ƙasar Gana, ya ari ɗakin makarantar wata ekklesiya ya soma koyarwa.

Samun ɗaki bai kai samun yara wuya ba. Iyaye da yawa suna ɓoye ɗansu kurma don kunya, waɗansu kuma suna ganin kuɗin makaranta a kansa hasara ne. Ma'aikatan ilimi ma ba su sa kurame cikin lissafinsu ba. Foster ya riƙa bin iyaye da hukumomi yana roƙo domin yaran. Babbar hujjarsa kuwa ita ce shi kansa, gama ga kurma tsaye a gabansu yana karatu, yana rubutu, yana wa'azi. Ya nace a koyar da yara da hannu, kada a ɓata shekarunsu ana tilasta musu kallon leɓe kaɗai. Ya kuma horar da kurame su zama malaman 'yan'uwansu.

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, daga baya aka yi ta Kaduna da ta Inugu. A Nijeriya ne ya auri Berta, kurma ce ita ma, mutuniyar Jamus. Makarantun da ya kafa sun fi 30, a ƙasashe 13.

Alamun hannu na Amurka ya kawo, su ne kuma suka zauna a makarantu. A nan muna da 'yar magana. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwansa, masu ji da yawa a kasuwannin Kano ma sun iya ta, bai kamata makaranta ta rena ta ba.

Ran 3 ga Disamba 1987 ƙaramin jirgin saman da ya shiga ya faɗi a ƙasar Ruwanda, ya rasu yana da shekara 62. Shekara 10 kafin wannan aka buɗe makarantar kurame a Tudun Maliki cikin Kano, amma daga Doguwa zuwa can tafiya ce mai nisa ga ƙaramin yaro.