Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi

Duk wanda ya tsaya a Illela ya dubi hanyar da ta miƙa zuwa Birnin Ƙonni da Tawa, zai zaci iyakar nan daɗaɗɗiya ce. Alhali kuwa shekara ɗari biyar da suka shige ƙasar nan duka, har Adar, umurnin mutum guda ta ke bi, watau Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi.

Kanta bai gaji sarauta ba, ƙarfin zuciya ne ya ɗaukaka shi har ya zama shugaban mayaƙa a Leka. A zamanin nan Askiya Muhammadu na Songhai shi ne babban sarkin yamma. Wajen shekarar 1515 Kanta ya raka shi yaƙin Agadas, aka ci nasara. Da aka zo rabon ganima sai aka hana Kabawa nasu kason. Kanta ya ƙi haƙura da wannan zalunci, ya fita daga biyayyar Askiya, ya kori rundunar da aka aiko masa. Daga baya Askiya Muhammadu Benkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya taso da kansa, shi ma ya koma da kunya. Wannan labari yana cikin Tarihus Sudan na Abdurrahmanu Sa'adi, mutumin Tambutu, watau shaidar abokan gaba ce, ba kirarin maroƙa ba.

Kanta ya gina birane, Gungu da Surame, ya kewaye Surame da ganuwar dutse. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya wallafa a 1812, yadda Sarkin Barno ya kawo wa Surame yaƙi bai ci ba, Kanta ya bi sawunsa har Nguru. A kan hanyar komowa aka harbe shi da kibiya a Dugul cikin ƙasar Katsina, ya cika a Jirwa, aka kawo shi Surame aka binne. Wannan kuwa wajen tsakiyar ƙarni na 16 ne.

Amma daular da aka kafa bisa ƙin zalunci ba ta kuɓuta daga nauyin hannu ba. Masu ba da labari sun ce aikin ganuwa na tilas ne, har Azbinawa aka sa ɗaukar ruwa daga nesa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar daga hannun jikokin Kanta. A farkon ƙarni na 18 aka tashi daga Surame aka koma Birnin Kabi, garin ya zama kufai.

To, malamai da akawuna, abin lura gare mu biyu ne. Na farko, kason da aka hana ƙaramin sarki shi ya raba Songhai da ƙasar Kabi, don haka mai riƙe da littafin kuɗin jama'a kada ya raina haƙƙin kowa. Na biyu, yaranmu da yawa sun san sarakunan Ingila, ba su san Kanta ba, ga shi kuwa kufan Surame yana nan a ƙasar Binji, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, akwai kuma gidan tarihi mai sunansa a Argungu. Mu kai su su gani da idonsu, mu rubuta abin da tsofaffi suka sani tun suna da rai. Allah ya sa mu dace.