Isma'il Al-Jazari, Magabacin Masu Ƙera Mutum-mutumi

An haifi Isma'il ɗan Razzaz, wanda aka fi sani da Al-Jazari, wajen shekarar 1136 Miladiyya a yankin Jazira, tsakanin kogin Dijla da kogin Furat. Ya shafe shekara 25 yana hidima a fadar sarakunan Artuk da ke Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, inda ya zama shugaban maƙeran fada.

Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya umurce shi da ya rubuta ayyukansa don kada su ɓace. Ya kammala littafin a shekarar 1206, wadda kuma a cikinta Allah Ya yi masa rasuwa. Littafin ya ƙunshi na'urori 50 da ya kasa gida shida, kowace da zanenta da bayanin yadda ake harhaɗa ta daki-daki.

A zamaninsa babu lantarki balle batir, don haka ruwa ne ke tafiyar da yawancin na'urorinsa. Ya ƙera mutum-mutumi mai zuba ruwan alwala. Ya kuma ƙera kwale-kwale ɗauke da makaɗa huɗu: ruwa na juya wani gungume mai turaku, turakun na ɗaga hannuwan makaɗan. Idan aka sauya wa turakun wuri, sai kiɗan ya sauya. Ɗalibin da ke tsara wa mutum-mutuminsa umurni a kwamfuta, wannan turbar yake bi.

Al-Jazari bai tsaya ga kayan nishaɗin sarakuna ba. Ya tsara na'urori 5 na ɗebo ruwa, cikinsu har da famfo mai fistan biyu, ɗaya na zuƙa ɗaya na turawa. Manoman rani na Fakku da sauran garuruwan Kebbe da Tambuwal sun san darajar irin wannan aiki, domin sun ɗanɗana wahalar jigo da guga.

Al'adarsa ce ya fara gwada fasalin abu da takarda kafin ya taɓa ƙarfe, ya haɗa katako falle-falle don kada ya lanƙwashe, ya kuma daidaita nauyin kowane gargare kafin ya ɗaura shi.

Wannan darasi ne ga ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejojin fasaha: a gwada kafin a harhaɗa, a rubuta abin da aka yi, kuma a ƙera abin da zai amfani talaka. Su kuwa shugabannin ƙananan hukumomi, haƙƙinsu ne su tallafa wa yaran da Allah Ya hore wa basira, kamar yadda fadar Diyarbakir ta riƙe Al-Jazari.