Camillo Golgi, Likitan da Ya Yi Bincike a Kicin

A darasin kimiyya mun zana ƙwayar halitta, malam ya nuna mana wani abu a cikinta mai kama da faifai da aka jera a kan juna, ya ce sunansa Golgi. Mun ɗauka sunan abu ne kawai, ashe sunan mutum ne. Da Italiyanci Golji ake faɗa.

An haifi Camillo Golgi a 1843 a ƙauyen Corteno da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya karanta likitanci a Jami'ar Pavia. A 1872 ya kama aiki a wani asibitin masu doguwar jinya a garin Abbiategrasso. Babu ɗakin gwaji a wurin, sai ya mayar da wani kicin na asibitin wurin bincike. A nan ne a 1873 ya gano yadda ake rina ƙwayoyin jijiya su yi baƙi da gishirin azurfa, har a ga rassansu a madubin ƙara girma. Ya kuma yi bincike kan zazzaɓin cizon sauro, ya nuna cewa zazzaɓin yana tashi ne lokacin da ƙwayoyin cutar suka fashe cikin jini.

A 1898, yana duba ƙwaƙwalwar mujiya, ya ga wani abu kamar raga a cikin ƙwayar halitta. Masana da yawa suka ƙi yarda, suka ce dattin rini ne. Wannan wurin ne ya fi ba mu tausayi, domin ya rasu a 1926 ana ta gardama. Sai bayan 1950, da aka samu madubin lantarki, aka tabbatar abin yana nan.

Yanzu an san aikinsa. Shi ke karɓar furotin da ƙwayar ta ƙera, ya gyara shi, ya ƙunshe, ya aika inda ake bukata, kamar tashar mota. A jikin dabba yana taruwa wuri ɗaya kusa da cibiyar ƙwayar, a tsiro kuwa a warwatse yake, kuma yana haɗa kayan gina bangon ƙwayar.

Amma shi ma ya yi kuskure. A 1906 ya raba kyautar Nobel da Cajal ɗan ƙasar Sifen. Golgi ya dage cewa jijiyoyi duk a haɗe suke kamar raga ɗaya, Cajal ya ce kowace ƙwaya daban take. Cajal ne ya yi daidai, kuma da rinin Golgi ya gano hakan.