Frank Pantridge: Likitan da ya kai asibiti ƙofar gidan mai bugun zuciya

Idan bugun zuciya ya kama mutum a Ikara, Maƙarfi ko Hunƙuyi ta Ƙaramar Hukumar Kudan, galibi mota ake nema a kama hanyar asibiti, in abin ya yi tsanani a miƙa Shika. Sai dai wannan ciwo ba ya jiran a isa, domin da yawa a sa'ar farko suke cikawa. Wannan ce matsalar da wani likita ya tunkara a birnin Belfast na Ireland ta Arewa tun a shekarun 1960.

An haifi Frank Pantridge ranar 3 ga Oktoba, 1916. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Queen's a 1939, ya shiga aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Da Singafo ta faɗa hannun Japan a 1942 aka kama shi, ya yi aikin bauta a layin dogon Burma, inda yunwa ta jawo masa cutar da ta taɓa masa zuciya. Wato ya san ciwon a jikinsa kafin ya ƙware a kansa.

A 1950 ya koma Asibitin Royal Victoria. A lokacin akwai na'urar da ke ba zuciya shokin ɗin lantarki ta dawo daidai idan bugawarta ta rikice, amma a asibiti take, sai da wutar bango. Me za ta yi wa wanda ya faɗi a gida? Shi da abokin aikinsa John Geddes suka haɗa wadda ke aiki da batirin mota, mai nauyin kilo 70. A farkon 1966 suka ɗora ta a motar ɗaukar marasa lafiya, da likita da nas a ciki. Dabarar ba gudu ba ce: a fara yi wa majinyaci magani inda yake, a rage masa zafi, a daidaita bugun, sannan a taho da shi.

Rahoton da suka buga a mujallar Lancet a 1967 ya nuna cikin majinyata 312 babu wanda ya mutu a hanya. Zuwa 1968 ya rage nauyin na'urar zuwa kilo 3.

Amurkawa ne suka yi caraf da tsarin, har irin wannan mota ta kula da tsohon shugaban ƙasarsu Lyndon Johnson a 1972. Daga baya ƙasashe da dama suka damƙa aikin ga nas-nas da ma'aikatan agajin gaggawa, ba likita a motar. A gida kuwa an yi masa riƙon sakainar kashi, kuma kaifin bakinsa bai taimaka masa ba wajen mahukunta. Sai a 1990 aka kai ga sanya na'urar a duk motocin gaggawa na Birtaniya.

Ya yi ritaya a 1982, ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2004, yana da shekara 88.