Sinan, Sarkin Maginan Santambul

Ya kai ɗalibi, in ka ji an ce Daular Usmaniyya kada hankalinka ya tsaya a Sakkwato kaɗai. Akwai ta Turkawa a Santambul, kuma can ne Sinan ya yi zamaninsa.

An haife shi wajen 1490 a wani ƙauye kusa da Kayseri, iyayensa Kiristoci ne. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin soja, ya musulunta, ya koyi aikin kafinta. A wajen yaƙi aka gane baiwarsa. A 1538 rundunar Sarki Sulaiman ta iso kogin Prut ba hanyar ƙetarewa, shi kuwa ya kafa musu gada cikin kwana 13. Ba a jima ba aka naɗa shi shugaban maginan fada, yana dab da shekara 50. Ka ji fa, lokacin da wasu ke neman hutu.

Aikin ba zane kaɗai ba ne. Shi ke horar da almajirai, ya tura su garuruwa masu nisa da tsarin gini, ya kuma sa ido kan ingancin kayan aiki da farashinsu. Masallacin Sulaimaniyya ya ci masa shekara 7, daga 1550 zuwa 1557. Ga wani abu da zai burge ka, kai mai rubutu a allo: ya tsara yadda iska za ta riƙa jan hayaƙin fitilu zuwa wani ɗan ɗaki a saman ƙofa, ana kankare baƙin ana yin tawada da shi.

Amma ni a ganina ruwa ne ya fi kama zuciyarsa. Santambul ta cika da jama'a, ruwan sha ya yi ƙaranci. Sinan ya bi tsofaffin magudanan Rumawa a daji, ya gyara, ya ƙara sababbi, har ruwa ya shigo gari ta magudanan da jimillar tsawonsu ta kai kilomita 50 da ɗoriya. Ambaliyar 1563 ta rushe wani sashe, ya sake ginawa. Duk da haka sai da aka kai ƙararsa, wai ya ja ruwan jama'a zuwa gidansa. Mutane ke nan!

Ya haura 80 lokacin da ya kammala masallacin Salimiyya a Edirne, mai kubba da faɗinta ya kai mita 31 a kan ginshiƙai 8. Ya sauke farali a 1584, ya rasu a 1588, wato 996 Hijiriyya. Kabarinsa na gefen Sulaimaniyya, kuma a kusurwarsa an gina wurin shayar da masu wucewa. Allah Ya jiƙansa.