Ar-Razi: Likitan da ya kwantar da raɗaɗin ƙuna da ruwan sanyi

Da zarar hunturu ya kankama a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, yara kan kewaye wuta suna jin ɗumi, nan kuwa ƙuna ba ta da wuya: ko garwashi, ko tafasasshen ruwa, ko tukunyar koko ta kife. Cikin ruɗewa sai a shafa wa yaro ɗanyen ƙwai, manja ko man goge baki, yana ta tsala ihu. Alhali fiye da shekara 1,000 da suka wuce wani likita Musulmi ya yi nuni ga abin da kowane gida ke da shi a randa.

An haifi Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya Ar-Razi a birnin Rayy, kusa da Tehran ta yau, wajen shekarar 865. Sai da ya girma ya rungumi likitanci, amma ya yi nisa har ya shugabanci asibitin garinsu, daga baya kuma na Bagadaza.

Masu tarihin likitanci suna ambatonsa cikin waɗanda suka fara ba da shawarar sanyaya ƙuna da ruwan sanyi don rage zafi. Har gobe a kan wannan ake: a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti. Ruwan yana janye zafin da ke ci gaba da cin fata, yaro ya samu sa'ida.

Yara kuwa bai ɗauke su ƙananan manya ba. Ya ware wa cututtukansu littafi na musamman, ya kuma bambance ƙyanda da agana dalla-dalla.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne jinyarsa. Ibn Nadim, malamin Bagadaza, ya ruwaito cewa yakan tausaya wa talakawa, ya ba su abin hannunsa, ya yi jinyarsu da kansa. Har littafi ya rubuta domin mutumin da babu likita kusa da shi.

A ƙarshen rayuwarsa ya makance. Ya rasu a Rayy wajen 925, almajiransa suka tattara rubuce-rubucensa a Al-Hawi, wanda aka fassara zuwa Latin a 1279.